Injin jirgina da ya ƙi mutuwa

Shekarun baya, ina zaune a gida bayan na gama makarantar koyon fasaha kuma aiki bai samu ba, na taɓa ƙera ɗan jirgin sama. Jiya wani daga cikinku, masu koyon aiki a wurina, ya tambaye ni aikin da na fi jin daɗinsa a rayuwata, na ba shi wata amsa irin ta manya. Da na koma gida na yi tunani, sai na ga ba ita ba ce. Ga ta gaskiyar.

Mahaifina manomin shinkafa ne. Gonarsa tana gefen kanal ɗin ban-ruwa, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Duk wanda ya taɓa noman shinkafa ya san jan-baki. Da zarar shinkafa ta fid da kai, ƙwayar tana da ruwa-ruwa, sai tsuntsayen nan su riƙa saukowa garke-garke. Tun daga idar da sallar asuba har faɗuwar rana mutum yana tsaye yana jan igiya mai gwangwanaye, yana ihu, yana jifa. Kafin a kai ga girbi muryar mahaifina ta dishe, sai dai ya yi mana magana da hannu.

Ina da aboki da muka taso tare, yana gyaran waya a Kura. Mun riga mun yi wani ƙaramin jirgi mai batir da farin soson da ake naɗo firji a ciki, a kansa ma muka koyi tuƙi da rimot. Amma ba shi da nauyi, iska kaɗan ta kwashe shi, kuma ba shi da ƙara. Ranar da muka gwada shi a gona tsuntsayen ko ɗaga kai ba su yi ba. Sai muka ce bari mu yi babba, mai injin fetur, wanda rurinsa kawai zai tashe su.

Na samo tsohon injin yankan ciyawa, irin na ratayawa a kafaɗa, na cire masa hannu da sandar, na bar injin zalla. Farfela muka saya, jikin kuma muka yi da siraran katako da soso. Na yanka gwangwanin man gyaɗa na yi wa injin rufi mai kyau, don ya yi kama da jirgin gaske. Makunnin kashewa yana jikin hannun da na jefar, amma ban damu ba. A lissafina, idan na ja totur ƙasa gaba ɗaya daga rimot, iska za ta yanke, injin ya mutu da kansa.

Wata safiya muka kai shi kan hanyar da ke bin bakin kanal don mu ji injin kawai, ba tashi za mu yi ba. Abokina ya tsuguna ya riƙe jelar, ni na rataya rimot a wuya na ja igiya. Injin ya tashi da wata ƙara mai daɗi, muka dubi juna muna washe baki. Da muka ƙoshi da ji, na ja totur ƙasa. Ƙarar ta ragu, amma farfela tana ta juyawa. Na sake ja har sandar rimot ɗin ta tsaya. Yana nan yana tafiya a hankali kamar ba da shi nake ba.

Da farko dariya muka yi. Sai abokina ya nuna mini gaba da haɓa. Shanu ne suke tahowa a kan hanyar, na wani dattijon Bafulatani da ke zaune a bayan ƙauyenmu, aminin mahaifina tun suna samari, wanda muke kira Baffa. Na ce bari in matse tiyon mai in huta. To amma tiyon yana ƙarƙashin rufin nan nawa mai kyau, haka fulogi, haka bakin kafireta. Na sunkuya ina laluben inda zan zura yatsa, ashe cikina ya danne sandar rimot. Injin ya yi wani irin ruri, jelar ta suɓuce daga hannun abokina, jirgi ya miƙe da gudu ya nufi shanu.

Allah ya kiyaye bai kai gare su ba. Ya yi tsalle, ya karkace, ya faɗa kanal, ruwa ya kashe shi. Amma shanun sun riga sun watse. Wasu suka gangara cikin shinkafar maƙwabcinmu suka tattake gefe guda, wata saniya mai ciki ta zame a gangaren ta faɗi a gwiwa. Baffa ya nufi saniyar. Ya tayar da ita, ya shafa cikinta, ya tattara sauran ya wuce. Na fi son da zagina ya yi.

Da yamma mahaifina ya sa babbar riga, ya je wajen maƙwabcin ya ba da haƙuri, ya wuce rugar Baffa ya duba saniyar. Da ya dawo ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san don shi na yi, kuma ya gode. Sannan ya ce, "Amma abin nan ba zai sake fita daga gidan nan ba sai na ga ka kashe shi da idona, a gaban mutumin da ka firgita wa dabbobi."

A lokacin shinkafarmu ta fara fid da kai. Idan ban gano matsalar da wuri ba, tsuntsaye za su zo su tafi jirgi yana jingine a ɗaki, ni kuma sunan da zai bi ni a gari shi ne wanda ya kori shanu da abin wasa.

Na kwance injin, na zubar da ruwan da ya sha, na shanya shi, na wanke da fetur. Abu na farko da na yi shi ne cire rufin gwangwanin nan na ba mahaifiyata, ta mayar da shi abin zuba wa kaji dusa. Na ɗaure jirgin da igiya a jikin bishiyar darbejiya da ke bayan gida, nesa da yara, sannan na fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Na fara zargin ƙarfen da ke jan totur, ko ya yi gajere ba ya rufewa duka. Na lanƙwasa sabo da wayar keke, na leƙa na ga yana kaiwa ƙarshe. Na tayar, na ja ƙasa, bai mutu ba. Sai na tuna da ɗan sukurun silo, wanda aikinsa ke nan ya hana totur rufewa ruf don kada injin ya riƙa mutuwa a hannun mai yankan ciyawa. Na yi murna, na ce na kama ɓarawon. Na kwance shi na cire gaba ɗaya. Injin ya ƙara yin ƙasa sosai, har ana iya ganin farfela tana wucewa, ya yi kamar zai tsaya, sai ya farfaɗo ya ci gaba. Abokina da ke zaune a gindin bishiyar ya ce wannan injin ya fi mu son rayuwa.

Na yi kwanaki a haka. Na canja fulogi ba don ina da dalili ba, sai don in ji na yi wani abu. Na wanke kafireta har ta gaji da ni. Wata rana cikin takaici na ɗora babban yatsana a bakinta na toshe. Ya kamata injin ya shaƙe nan take. Ya yi tari, ya yi rawa, amma ya ci gaba da tafiya. Na janye hannuna na zauna a ƙasa ina kallonsa. Na toshe masa hanci kuma yana numfashi, ke nan yana da wata ƙofar da ban sani ba.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne injin ban-ruwa. Tun ina ƙarami nake ganin idan ya ƙi jan ruwa, yawanci iska yake sha ta wajen haɗin tiyo, kuma ba a ganin wurin da ido. Sai a bi haɗin ana shafa laka, inda aka shafa sautin ya canja, nan ne. Laka ba za ta yi a nan ba. Na samo baƙin mai a murfin kwalba da gashin kaza, abokina ya riƙe jelar duk da igiya, na zagaya ta bayan farfela na fara ɗiga man a hankali. Gindin fulogi, ba canji. Gefen silinda, ba canji. Da na kai kan wata baƙar roba mai tauri da ke tsakanin kafireta da jikin injin, man ya ɓace kamar an tsotse shi, injin ya yi gyatsa sau ɗaya, farfela ta tsaya cak.

Muka tsaya muna kallonta. Abokina ya ce in sake. Na sake, haka aka yi. Da na kwance robar na ɗaga ta a rana, sai ga tsaga siririya kamar silin gashi. Lokacin da na juya kafiretar don ta dace da jikin jirgin ne na ɗaure ta da ƙarfi fiye da kima. Na samo wata a jikin mataccen inji wajen wani makanike a Kura, na yanka sabon gasket, wato takardar da ke toshe haɗin, na ɗaure a hankali. Abokina kuma ya dage sai mun ƙara hanya ta biyu, ya haɗa waya daga kwayil mai ba fulogi wuta zuwa wani makunni a bayan jirgin, inda hannu zai kai ba tare da ya kusanci farfela ba.

Ranar nunawa, mahaifina ya aika aka kira Baffa. Ya zo da sandarsa ya tsaya can baya, ya gaya mana saniyar ta haihu lafiya, sannan ya ce to a yi ya gani. Na tayar, na bar shi ya yi ruri, na ja totur ƙasa. Ya mutu. Mahaifina ya miƙo hannu na ba shi rimot, na nuna masa sandar. Na tayar, ya ja, ya mutu. Ya ce in sake tayarwa. Haka ya yi ta sa ni jan igiya yana kashewa har kafaɗata ta fara ciwo, fuskarsa a ɗaure kamar mai gwajin gaske, amma na ga gefen bakinsa yana motsi. Daga ƙarshe ya miƙa wa Baffa. Baffa ya jingine sandarsa a kafaɗa, ya taɓa da ɗan yatsa ɗaya kamar abin zai cije shi, injin ya yi shiru. Ya dubi mahaifina ya ce, "To, yanzu ya zama dabbar gida."

Washegari muka tashe shi a kan gonar, abokina ne ya tuƙa don ya fi ni natsuwar hannu. Jan-bakin suka tashi gaba ɗaya suka yi gabas. Da ya zagayo, ya kashe injin a sama, jirgin ya sauko a hankali ba ƙara, ya dira a kan hanya ya karya taya ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, tsuntsayen sun dawo, kuma kafin girbi sun fara sabawa da shi, gwangwanaye ba su yi ritaya ba. Amma ya rage wa mahaifina tsayuwa a shekarar, kuma shinkafar ta shigo gida.

Yau gyaran injuna nake yi, manya waɗanda suka ninka wancan nesa ba kusa ba, kuma har yanzu ba na tayar da sabon inji sai na san ta inda zan kashe shi. Mutanen ƙauyenmu idan sun tuna da labarin, tashin jirgin suke faɗa. Ni kuwa ba shi ne ya zauna mini ba. Abin da nake ji har yanzu shi ne lokacin da farfelar ta tsaya a gindin darbejiya, ba kowa sai ni da abokina, hannuna duk baƙin mai, ina riƙe da gashin kaza. Ba wanda ya gaya mini inda matsalar take. Na zauna ne da ita har ta nuna mini kanta.