Mai Birki da Motar Auta

Duk wanda ya taɓa kai mota layin kanikawa na bayan tsohuwar tasha ya san Mai Birki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsansa ɗaya na hannun hagu a lanƙwashe tun ranar da jak ya zame masa yana saurayi. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, kuma aikin ƙafar mota da birki kaɗai yake yi. In ka kawo masa inji sai ya nuna maka rumfar gaba da haɓa, ya ce, "Can ake sa mota gudu. Ni tsayar da ita nake yi."

Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, irin masu dogon hanci da kujerar gaba guda ɗaya kamar benci. Ubangidan da ya koya masa aiki ne ya bar masa ita, kuma ta girmi 'ya'yansa duka. Abokinsa mai walda, wanda rumfarsa ke manne da tasa, Kaka yake ce mata. Da ya jiyo tarinta da safe sai ya ɗaga murya, "Jama'a, a ba Kaka hanya, ba ta gani sosai!" Mai Birki ya leƙo ta taga ya ce, "Ko a haka ta fi ka haƙora."

Tsufa dai ya ci Kaka daga baya. Sifirin ɗinta na falle-falle, masu ɗauke da nauyinta, suka gaji har gindinta ya zauna, gangunan birkinta suka siɗe, kayanta kuma suka ɓace a kasuwa. Mutumin da ke gyara birkin gari ba zai hau titi da motar da ba ta tsayawa ba, don haka ya ɗora ta a kan bulo huɗu a bayan rumfa, ya ce sai ya samu kaya.

'Ya'yansa huɗu. Uku maza ne, sun girma sun watse neman abinci. Ta huɗun mace ce, ta zo bayan an fid da rai, kowa Auta yake ce mata. Ita ce ta yi karatu mai zurfi ta zama nas. Da ta sayi wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya, ta hannu, ba ta kai ta gida ba sai da ta fara biyowa ta gareji. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana goge hannu ya ce, "Ba laifi." Mai walda ya ce mata, "Yi murna, 'yata. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yabi mota haka ba."

Wata Laraba ta kawo motar ta ce birki na mata ƙara. Ya sauya mata fad ɗin birki gaba da baya, ya zuba sabon man birki, ya zagaya da ita layin sau biyu, ya miƙa mata makulli. Ranar Asabar da safe, ana ruwan sama, tana hanyar zuwa aiki, ta shige bayan wata tifa da ta tsaya a gangaren gada. Asibitin da take aiki aka kai ta. Abokan aikinta ne suka tarbe ta a ƙofa, amma rai ya riga ya yi halinsa.

A cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani da bakinsa ba ya da linzami. Bai san Mai Birki na bayansa ba ya ce wa na kusa da shi, "An ce fa birki ne ya tsinke mata." Direban tifar ya ce bai ji ƙarar taya ba ko kaɗan. 'Yan sanda suka ce santsin ruwa ne. Ba wanda ya san gaskiya, amma maganar mutumin nan ta shiga kunnen Mai Birki ta zauna.

Janwe ya kawo shuɗiyar motar gareji. Gabanta ya markaɗe har gilashi, bayanta kuwa ko ƙwarzane babu. Ya sa aka ajiye ta kusa da Kaka, ya lulluɓe ta da tamfol, ya danne gefuna da tsofaffin tayoyi. Daga ranar bai ƙara taɓa birkin kowa ba. Yana zuwa rumfa kullum, ya sauya wa wannan shokazoba, ya ɗaure wa wancan noti, amma da an ce birki sai ya ce, "Ku je wajen yaran can na ƙasa, idona ya yi rauni." Ƙarya yake yi, idonsa ƙalau. Sunan kuma bai bar shi ba. Duk wanda ya ce "Mai Birki, barka da aiki," sai ka ga kafaɗarsa ta ɗan motsa kamar an taɓa masa gyambo.

A gida ma shiru ya yi yawa. Matarsa mace ce mai surutu da, wadda in tana wanke-wanke har maƙwabta sun san labarin da take bayarwa. Yanzu sai ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Ba faɗa, ba gaba, amma sukan yi yini maganarsu ba ta wuce sannu da zuwa ba.

Haka aka yi shekara biyu da rabi. Sai mai filin ya aiko cewa zai yi gini a bayan rumfunan, kowa ya kwashe tarkacensa kafin ƙarshen wata. Masu sayen tsohon ƙarfe suka fara shawagi. Ɗayansu har ya ɗaga gefen tamfol ɗin yana leƙe, Mai Birki ya daka masa tsawar da ta sa duk layin ya waiwayo.

Da rana ta yi sanyi mai walda ya jawo benci ya zauna kusa da shi.

"Abokina, zan faɗa maka magana, in ka ga dama ka zage ni. Motar Auta dole ta tafi. Amma ba dole ta tafi duka ba. Na auna bayanta."

"Yaushe ka auna?"

"Tun bara. Ƙafarta ta baya ta fi ta Kaka faɗi da yatsa biyu kacal. Sifirin mai murɗe ne, birkin kuma na faifai. In na yi maka sababbin mazaunai, ƙafar za ta zauna daram a ƙarƙashin Kaka."

Mai Birki ya waiwaya ya dubi tamfol ɗin. Can ya ce, "Ka san abin da kake cewa in buɗe?"

"Na sani. Shi ya sa na yi shekara ban faɗa ba."

Washegari da hantsi ya janye tamfol ɗin. Ƙura ta tashi, ƙadangaru suka watse. A kujerar baya akwai farin takalminta na aiki ƙafa ɗaya da wata lema da ba a buɗe ba. Ya ɗauke su ya sa a leda ya ajiye can gefe. Sannan ya ɗaga motar, ya cire tayoyin baya, ya durƙusa.

Ya ɗora sifana a noti na farko. A ɗaure yake tamau, yadda ya saba ɗaurewa. Na biyu ma haka. Fad ɗin sabbi fil, ko cin kwana uku bai nuna a jikinsu ba. Ya bi bututun man birki da yatsa, taku-taku, daga taya har tsakiyar mota: babu tsaga, babu yoyo. Hankalinsa ya fara kwanciya. Ya rarrafa ya ci gaba da bin bututun zuwa gaba, har inda ƙarfe ya cure ya zama dunƙule. A nan bututun ya katse. Ya juya bakin da ya katse, ya duba da fitila, ya kankare tsatsa, ya sake dubawa. Ko kafin karon ya tsinke, ko karon ne ya tsinka shi, babu mahaluƙin da zai iya faɗa. Birkin gaba kuwa, wanda shi ne ke yin yawancin aikin tsayar da mota, ya narke cikin inji.

Ya fito ya zauna a ƙasa. Mai walda ya ce, "Yaya?"

"Baya lafiya lau."

"To, alhamdu lillahi. Gaba fa?"

"Babu gaba."

Mai walda ya miƙe. Ya je ya kawo shayi kofi biyu, ya sha nasa, na Mai Birki ya huce a ƙasa.

Kwana goma sha ɗaya suka yi suna aikin. Suka sauke tsohuwar ƙafar Kaka da ƙyar, don tsatsa ta cinye notunan, sai da aka sa musu wuta. Mai walda ya yanka ƙarfe ya yi mazaunan sifirin, na farko ya karkace, Mai Birki ya sa shi ya yanke ya sake. "Kai da ka yi ritaya daga birki, wannan tsanani na mene ne?" in ji mai walda. Wayar birkin hannu ta gaza da ɗani guda, suka yi yawon kasuwa kwana biyu kafin su samu wadda ta kai. Ya lanƙwasa sababbin bututu da hannunsa, ya gyara birkin gaba na Kaka da ɗan abin da ya rage masa a akwati. Ranar da aka sauke ta daga kan bulo, gindinta ya tashi, ta tsaya a miƙe kamar an cire mata shekara ashirin. A ranar kuma masu tsohon ƙarfe suka ja ragowar shuɗiyar motar. Ya juya musu baya har suka fita daga layin.

Saura fitar da iska daga bututun birki, aikin da mutum ɗaya ba ya yi: wani ya zauna yana taka birki, wani yana ƙasa yana kwance ɗan notin da mai ke fita. Ranar mai walda ya tafi asibiti duba ƙafarsa. Mai Birki yana tsaye yana tunanin wanda zai kira, sai ga matarsa da kwanon abincin rana. Rabonta da garejin tun kafin rasuwar. Ashe ledar takalmin da ya kai gida ce ta gaya mata abin da yake yi.

Ta zagaya motar, ta sunkuya ta leƙa bayan taya. Ta ce, "Na Auta ne wannan?"

"Nata ne."

Ta ajiye kwanon a kan benci. Ya ce, a hankali, "Ko za ki taka mini birki? In na ce taka, ki taka. In na ce riƙe, kada ki ɗaga ƙafa."

Ta shiga ta zauna. Ya kwanta a ƙasa. "Taka. Taka. Riƙe." Mai ya tsarto da kumfa cikin kwalba. "Saki." Suka yi taya ɗaya, suka koma ta biyu. Ba ta ganinsa, ba ya ganinta. Wataƙila shi ya sa ta iya magana.

"Baban Auta, na ji abin da mutumin nan ya faɗa ranar gaisuwa. Na kuma zarge ka. Na fi wata shida ina kallon hannunka in kana cin abinci, ina jin haushinsa."

Ya tsaya da aikin. Sifanar na hannunsa.

"Amma ba don na yarda da shi ba ne. Don kada in kalli kaina ne. Ranar nan ni na tsayar da ita. Har ta shiga mota na kira ta na ce ta dawo ta auna mini jini, kaina na ciwo. Ta ce, 'Mama, na makara.' Na ce wato asibiti ya fi uwarki. Ta dawo ta auna. Ta fita da gudu, ko sallama ba mu yi ba." Ta ƙara da cewa, "Jinin kuma lafiya lau yake."

Yana kwance yana kallon ƙarfen da ke saman fuskarsa. Hawaye ya gangara ya shige masa kunne. Daga ƙarshe ya ce, "Ƙafarki na kan birkin?"

"Tana kai."

"To riƙe. Kada ki saki."

Da suka gama, birkin ya yi tauri. Ya wanke hannu, suka ci abincin tare a kan benci, a kwano ɗaya. Ya ce ta shiga ya kai ta gida, ta ce a'a, ba yau ba, ta tafi a ƙafa. Sai bayan wata uku ta yarda ta hau, kuma kujerar baya ta zaɓa.

Bai koma gyaran birkin mutane ba. Amma ya tuƙa Kaka shekara huɗu, a hankali, masu gaggawa na matsa masa ham yana ba su hanya. Magana ta ɗan dawo gidan, ba kamar da ba, amma ta dawo. Sai wata safiya yana ɗaura takalmi ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Ya yi wata biyar a kwance. Mai walda na zuwa duk mako ya tayar da motar a ƙofar gida don ya ji ƙararta daga ɗaki, ya leƙo ya ce, "Kaka na gaishe ka, ta ce ragwanci ya isa haka." Mai Birki yakan yi dariya da rabin baki.

Bayan rasuwarsa babban ɗansa ya kawo wani mai sha'awar tsofaffin motoci. Mutumin ya yaba fenti, ya yaba kujeru, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Kash, an ɓata ta. Wani ya sa mata ƙafar da ba tata ba." Ya yi sallama ya tafi. Ɗan ya shiga ya gaya wa mahaifiyarsa da fuskar ban haƙuri. Ta ce, "Madalla. Kawo makullin."

Ta ba mai walda. Shi ma ƙafa ta fara hana shi tsayuwa a rumfa, amma tuƙi bai gagare shi ba. Duk farkon wata yakan zo da jikarsa a gaba, ya ɗauki matar abokin nasa a cikin Kaka ya kai ta kasuwa, ya jira ta a inuwa har ta gama cefane.