Halilu Mai Firij da Yaron da Bai Yaye Ba

Duk wanda firij ɗinsa ya mutu a unguwar Zongo ta birnin Kwatano ya san shagon Halilu, wanda yake bayan rumfunan masu albasa. Ni na san shi ta hanyar aikina, don ni ne magatakardan ƙungiyar masu sana'ar hannu ta unguwar, kuma duk yaron da ya ɗauka ko ya yaye, a gabana ake yi.

A Zongo aka haife shi. Mahaifinsa falken goro ne, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Halilu ya fi son kwance rediyon gida da ɗaurin huhun goro. Da uban ya gaji, sai ya kai shi unguwar Gbégamey wurin wani tsoho mai gyaran firij. Shekara shida ya yi a can. Ya yi shara, ya wanke wa matar tsohon tukwane, kafin a bar shi ya taɓa waya.

Masu sana'a a Kwatano suna da al'adar yaye, wadda suke kira liberasiyo. Ranar, yaro yakan durƙusa a gaban patoro, wato ubangidansa, ya buɗe tafin hannuwansa. Patoro ya ɗauki ɗan allon katako ya buga masa a hankali, ya ce wannan ne duka na ƙarshe, daga yau babu mai ɗaga maka hannu a kan sana'a. Sannan ya sa masa albarka, ya ba shi wani abu daga kayan aikinsa. Mu a Zongo mukan ƙara da Fatiha da rabon goro. Abin da tsohon ya ba Halilu shi ne agogon auna gas, mai bakin tagulla. Ya ce masa kada ya ba kowa sai wanda zai bar wa shago.

Halilu ya yaye yara da yawa, hotunansu suna jere a bangon shagon. Ya ba wani filaya, wani kuma bututun walda. Agogon kuwa yana rataye a ƙusa sama da ƙofa. 'Ya'yansa duk mata ne, mutane sukan tsokane shi su ce zai mutu da agogonsa. Yakan ce, "Ku dai kawo firij ɗinku, ku bar mini agogona."

Sai Assibi mai masa ta kawo ɗanta Ilyas, bayan rasuwar mijinta. Ta ce, "Patoro, ba ni da abin biya." Halilu ya ce, "Kina da masa. Kowace Juma'a ki aiko." Da haka aka ƙulla. Ilyas yana da kunne. Yakan jingina da firij ya saurara, ya faɗi abin da ke damunsa kafin a kwance. Da ya shekara biyar, Halilu ya zo ofishinmu ya ce in sa ranar yaye bayan Babbar Salla. Da zai fita ya juyo ya ce, "Wannan karon agogon zai sauko."

A watan ne Nasser ya zo. Ɗan Zongo ne, ya yi karatu, yana aiki da wata ƙungiya da ta kawo shirin koya wa matasa marasa galihu sana'a. Ya ce otal-otal da rumbunan kifi suna neman masu gyaran sanyi ba sa samu, ga yara suna zaune a bakin titi. Shirin wata tara ne. Rabin mako a aji, rabi a shagon ƙwararre, a ƙarshe a ba su takardar difilom a nema musu aiki.

Halilu ya yi murna, ya karɓi yara biyar. Ya san wata tara ba ya isa, amma ya ce gara su fara.

Nasser ya ce, "Baba, a sa Ilyas a ciki mana. Albarkarka ba ta shiga ofis, sai da takarda."

Halilu ya ce, "Kai, mara kunya. Da albarkar wa aka sayi firij ɗin da uwarka ta sayar da ƙanƙara ta biya maka kuɗin karatu a lakwal?"

Suka yi dariya. Halilu ya amince, amma ya kafa sharaɗi. Zai ɗage yayen Salla, ranar rufe shiri kuwa za a ba shi fili ya yaye Ilyas a gaban jama'a, yadda aka yi masa. Nasser ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, kai ne za ka zama babban baƙo. Turawan da ke ba mu tallafi ma za su so su gani." Ina zaune aka yi wannan magana.

Halilu ya yi aiki a watannin nan kamar saurayi. Sabbin yaran ba su saba da tashi da wuri ba, har gida yake bin su. Ilyas ne yake koya musu walda idan patoro ya fita. Sau da yawa motar ƙungiyar su Nasser takan zo ta ɗauki Ilyas, a ce za a ɗauki hoto. Halilu yakan ce, "Ku dawo mini da shi kafin la'asar, ɗan fim."

An yi bikin a wani ɗakin taro a unguwar Fidjrossè, da hantsi. Halilu ya ɗinka farar riga. Ya naɗe agogon a sabon ƙyalle, ya sa allon katakon a aljihu, ya gayyato liman, Assibi ta ɗauko kwandon goro a zemijan, wato babur ɗin haya. A ƙofa wata yarinya ta duba katunanmu ta nuna mana kujerun baya. Halilu ya ce babu komai, idan lokaci ya yi za a kira shi.

Sai aka kashe fitilu aka nuna fim. Ga Ilyas a bakin teku, ba takalmi, sanye da wata yagaggiyar riga da ban taɓa gani a jikinsa ba. Muryar fim ɗin ta ce wannan matashi ba shi da kowa, ba shi da sana'a, sai da shirin ya tsince shi. Sannan aka nuna shi yana ɗura wa firij gas a cikin shagon Halilu, amma an kauce wa bangon hotuna, kuma ba a nuna mai shagon ba.

Assibi ta ce da ƙarfi, "Ba shi da kowa? Ni fa?" Aka ce mata ta yi shiru.

Nasser ya hau ya yi jawabi da Faransanci. Ya ce zamanin da iyayen gida suke riƙe yara shekara da shekaru suna bautar da su, a ƙarshe su durƙusar da su su doke su, ya wuce. Ya ce ga shaida. Ya miƙa wa Ilyas makirfo. Ilyas bai dubi baya ba. Ya ce, "Wata tara da suka wuce, ko ƙusa ban iya kwancewa ba." Aka tafa, wasu har suka miƙe.

Halilu yana jin Faransanci sarai. Duk da haka ya juyo ya ce mini, "Malam, fassara mini abin da yaron nan ya ce." Na fassara. Ya ce, "To, haka na ji." Ya zauna har aka raba difilom, ba a kira sunansa ba. Da muka fito, Nasser ya biyo mu da sauri ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, masu ba da tallafi ba sa son abin duka. Labari suke so, na ba su labari." Halilu ya ce wa Assibi ta raba goron ga masu gadi.

Ilyas ya sami aiki a wani rumbun kifi. Bayan wasu makonni uwarsa ta janyo shi zuwa shagon, ta aika aka kira ni da liman. Ya durƙusa a kan siminti ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Patoro, su suka rubuta mini. Sun ce idan ban faɗa ba babu aiki."

Halilu ya daɗe yana kallon tafin hannuwan. Duk tabon ƙuna da ke jiki ya san ranar da aka yi shi. Ya ce, "Tashi, kada wandon aiki ya yi datti."

Assibi ta ce, "Don Allah, Patoro, ka doke shi. Ko da ƙarfi ne."

Ya ce, "Assibi, wanda na koya wa nake duka. Wannan a gaban jama'a ya faɗi inda ya koya. Liman, yi masa Fatiha saboda uwarsa."

Aka shafa. Halilu ya ba Ilyas hannu kamar yadda ake ba baƙo, ya koma kan firij ɗin da yake gyarawa. Na tambaye shi me zan rubuta a gaban sunan Ilyas. Ya ce in bar wurin haka.

Cikin yara biyar na shirin, uku sun watse, don babu wanda ya ɗauke su aiki. Biyu suna nan shagon, Halilu yana koya musu daga farko. Bai hana su komai ba, amma ya daina tsokanar yara, kuma ba ya barin kowa ya ɗauki hoto.

Bara Nasser ya dawo, an ba ƙungiyarsu kuɗin zagaye na biyu na shirin. Ya tsaya a ƙofa, daidai ƙarƙashin agogon, ya gaida Baba da ladabi. Sannan ya rage murya ya tambaya ko akwai wani yaro irin Ilyas, wanda ya riga ya iya.

Halilu bai ɗago ba. Ya ce, "Matsa daga ƙofa, kana tare mini haske."