Bakin Garmar Kawu Mamman

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, mai ƙera garmar shanu a Talata Mafara. A gidansa na girma, kuma yanzu da nake karatun kasuwanci, da wuya a yi darasi ban tuna da shi ba.

Da aka fara sakin ruwan madatsar Bakolori a gonaki, manoma suka yi wa maƙerarsa yawa. Sai ya raba aikin. Maƙeran Damri su yi mariƙi, na Morai su yi taya, wani mai walda a Maradun ya yi gangar jiki, shi kuma ya harhaɗa. Kashin farko ya ƙi haɗuwa, domin da taƙi ya ba su awo, kuma tafin hannun kowa daban yake. Ya yanka sandunan ƙarfe masu tsawo ɗaya ya aika wa kowa. Daga nan garma ta wadata, kuɗinta ya sauka, sunansa ya kai har Bakura.

Abu ɗaya ne bai taɓa bayarwa waje ba: bakin garma, wanda ke tsaga ƙasa. Shi da Garba, babban yaron maƙerar, su ke ƙona shi su tsoma har ya yi taurin da zai jure laka. Wata rana ɗansa, Yaya Bello, ya ce, "Baba, mi za ya hana mu ba da bakin ma? Waje ya fi sauƙi."

Kawu bai ɗago kai ba. Ya ce, "In ka ba da baki, kai mi kaka saidawa? Fenti?"

Bayan rasuwarsa Yaya Bello ya bayar. Ba zan zalunce shi ba, shekarun farko riba ta ƙaru. Ya huta da sayen gawayi, ya sallami Garba, ya sayi motar ɗaukar kaya. Sai dai wanda ya fi araha yake ba aikin, kuma babu sauran mai duban baki ya san ko ya ƙonu yadda ya kamata. Garba kuwa ya koma Damri ya hura wutarsa.

A hutun da ya wuce ina zaune a shagonmu, sai wani manomi daga Garbadu ya shigo da bakin garma a lanƙwashe. Bayan doguwar gaisuwa ya ajiye shi ya ce, "Bello, garma ka saida min ko ludayi?" Yaya Bello ya ba shi haƙuri, ya ce ya kai wa Garba ya gyara, domin mu ba mu da wuta. Mutumin ya ɗauki kayansa ya ce, "To, in Damri ni ka zuwa gyara, mi ya kawo ni nan saye?"

Na sha tambayar kaina abin da Kawu zai ce. Ba na jin zai zagi raba aiki, tunda shi ya fara. Ina jin tambaya kawai zai yi: a cikin garmar nan, wane ne namu?

Har yanzu sunansa yana rubuce a ƙofar shagonmu. Amma a kasuwar Damri, idan manomi ya ce a ba shi "irin ta Mamman", ta Garba ake miƙo masa, kuma ba a yaudare shi ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa Aljanna ce makomarsa.