Ranar da ƙanwata ta koya wa Baba atom

Muna lise, wato babbar sakandare, a Zinder, ina gaba da ƙanwata da aji ɗaya. Wata la'asar tana bitar darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai, a ƙofar shagon Baba, sai ya tambaye ta abin da take ta maimaitawa.

Ta ce, "Baba, ƙwayar atom ce. In ta rasa elektron, ko ta samu ƙari, ta zama iyon. In kuwa yawan nutron na tsakiyarta ne ya bambanta, nauyinta ke canzawa, shi ne izotop."

Baba bai gane ba, amma ya kira maƙwabta su zo su ji 'yarsa. Ni da na iya wannan tun bara, bai taɓa tambayata ba. Na shige gida, ranar ko tuwo ban iya ci ba.