Tuwon da Ya Kayar da Ɗan Kokawa

Ni ban san baƙi ba, faɗa nake yi ana rubutawa, in kuka ya zo mini a dakata. Tun da Malam, maigidana, ya rasu, wata tatsuniyar kakata ta hana ni sakat.

A tungarmu kusa da Zugu, idan an gama girbin gero, Kaka kan hura wuta da kara bayan magariba, ta binne mana dankali a cikin toka. Ƙanƙanuwar mace ce, busasshiya, muryarta kuwa har bayan danga ake jinta. In za ta fara tatsuniya, sai ta buga gwiwa ta ce, "Ga baƙuwa ta iso." Mu ce, "A shimfiɗa mata."

Wai an yi wani ɗan kokawa, Gagare, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Wata shekara da kaka ya kayar da wani saurayi daga ƙauyen ƙetare. Tun daga ranar ake aiko masa da akushin tuwo yana ninƙaya cikin man shanu, tare da saƙo cewa gwani irinsa ba ya noma, ya zauna a inuwa a riƙa kallonsa. Ya zauna. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Hannunsa bai mutu ba, da hannu guda yake ɗaga turmi yara suna tafi. Ran kasuwa ya zo haye rafi a kan guntun giginyar da aka gitta. Wata mai tallar nono ta riga shi hayewa, ƙwarya a ka, ko riƙewa ba ta yi ba. Shi kuwa yana kaiwa tsakiya cikinsa ya rinjaya gefe, gwiwa ta kama rawa, ya faɗa cikin taɓo kowa na kallo. Ya rantse matar nan ce ta yi masa jifa. Maigari ya watsa wa kaza gero, ya ce su biyun su tsaya a ƙafa ɗaya har ta cinye. Kaza ba ta yi nisa ba Gagare ya dafa bango.

Nan Kaka za ta yi dariya ta ce, "Ƙarfinai ya hau hannu, nauyi ya taru ga ciki, ƙahwa kau an bar ta da yunwa." Sai ta rage murya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To, wa ka aiko mai da tuwon?" Mu ce ba mu sani ba. "Innar yaron da ya kayar. Ku ci dankalinku."

A lokacin faɗuwar Gagare kawai muke yi wa dariya.

Da 'yan bindiga suka matsa mana, muka baro ƙauye muka sauka Gummi, gidan Garba ƙanen Malam. Malam mutum ne da bai taɓa wuni zaune ba, daga karantarwa sai fadamarsa. Garba ya ce, "Yaya, ka zamna ka huta, ni zan riƙa duba hwadamar." Fura da safe, tuwo da nama da dare, ko masallaci a babur ake kai shi. Jikinsa ya cika, ni ma na yi murna, na ce wahala ta sake shi. Na ga ya fara dafa ni in zai miƙe, ban kawo komai a raina ba. Wata rana ya taso daga alwala ya karkata, ƙafa ba ta tare shi ba. Ƙugu ya karye. A asibiti wata ma'aikaciya ta ce mini cinyoyinsa sun saki, ga jiki ya yi nauyi. Bai sake tashi ba. Allah ya jiƙan Malam.

Ban ce Garba ya nufe shi da sharri ba, Allah ne ya san zuciya. Amma fadamar tana hannunsa, kuma ita kaɗai ce gadon jikokina marayu. In dai zan iya hawa babur in je in tsaya a kanta da ƙafata, in nuna iyakokinta gaban dattawa, ba ta salwanta. Yanzu ni ake yi wa hidimar. Hajo, matar Garba, ba ta bari in ɗaga ko tsintsiya.

Yau da safe na ɗauki guga, ta biyo ni da sauri.

"Haba Yaya, mi kika nema ga rijiya? Kawo, zamna ki sha hura."

Na ce, "Hajo, aje hurar, na sha in na dawo."

"Mutane sai su ce ba mu kula da ke."

"Bari su ce."

Ta tsaya bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, fuskarta kamar ta mai tausayi, ni kuwa na kasa karanta ta. Ina jan igiya ina kuka. Rabin guga na iya fiddawa, kuma da kaina na kai shi randa.