Ranar da aka buɗe cikin injin ɓare gyaɗa

Shekarun baya, tun kafin a ba mu mulkin kai, wani attajiri ya kawo injin ɓare gyaɗa Bebeji. Abokina, wanda ya koyo kanikanci a Kano, shi ke kula da shi, ni kuma aka ɗauke ni aikin zuba gyaɗa. Murna kamar an naɗa ni sarauta.

Ranar farko na juye buhu, sai injin ya ƙara ƙarfi da kansa, alhali abokina yana can gefe yana cin rogo. Da gyaɗar ta ƙare, sai ya lafa. Ba wanda ya taɓa shi. Ni da nake cika baki a dandali, sai ga ni a bayan rumbu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kafin la'asar magana ta gama gari cewa da aljani a ciki. Manoma suka janye, har mutanen garin Ƙofa suka juya da jakunansu. Mahaifiyata ta ce in na sake zuwa, ba da yawunta ba. Attajirin kuwa ya fara zancen mayar da injin birni.

Sai malaminmu ya zo da kansa, ya ce a buɗe masa ya gani. Abokina ya cire murfi, ya nuna masa wasu dunƙulen ƙarfe biyu suna juyawa. Ya ce in gudu ya yi yawa sai su buɗe su rage mai, in nauyi ya danne injin sai su tsuke su ƙara.

Malam ya dube ni. "Zuba mu gani."

Na zuba. Ƙarafan suka tsuke, injin ya yi gurnani. Malam ya ce a sake, aka sake, har ya manta da carbinsa yana dariya.

"Ai linzami ne," in ji shi, "sai dai dokin ne ke riƙe da abinsa. Allah ya yi wa mai wannan dabara albarka."

Washegari mahaifiyata ce ta fara aiko gyaɗarta, ta ce in kula kar a fasa mata ƙwaya.

Yanzu jikana yana aiki a masana'antar da kwamfuta ke juya komai. In yana ba ni labari ba na gane rabi, amma daɗi nake ji irin na ranar da aka buɗe injin nan, kuma ba na barinsa ya tashi sai ya maimaita.