Bishiyar da Ta Leƙa Gidajen Ƙofar Ran

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da abokan aikina biyu, da zanena a nannaɗe a kan cinyata kamar jariri. Wata huɗu na yi ina zana bishiyar ƙarfe mai faifan sola a madadin ganye, doguwa kamar giginya, mai fitila da wurin cajin waya. Sharaɗin aikin ɗaya ne: idan mutanen unguwar da za a kafa ta ba su amince ba, a watsar.

Hanya lafiya lau har Birnin Kudu. Daga nan zuwa Ningi direbanmu ya yi ta rawa da ramuka, cikinmu na taya shi. Muna shiga Bauchi muka nemi masar garin. Jama'a, an ce ta yi tsada, amma ko ni da nake da kishin wainar Kano sai da na sara mata.

Keke ya sauke mu a Ƙofar Ran, inda aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Na baje zane ina ta zuba bayani. Maza suna gyaɗa kai, har na fara jin kaina yana kumbura. Sai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta yi gyaran murya daga baya.

“Ɗana, wannan bishiya naka, in tsuntsu ya ɓata shi, wa zai goge?”

Na ce, “Inna, mutum zai hau duk mako.”

Ta ce, “To ka hau mu gani.”

Na ɗauka wasa ne. Wallahi sai ga tsanin masu gyaran wuta an jingina da falwaya. Kafin in taka, mai unguwa ya sa aka kwaɗa shela: “Za a hau sama, a kimtsa!” Na jiyo ƙarar kwanuka da gudun takalma a bayan katangu.

Da na kai tsayin bishiyata, sai na duba ƙasa. Tsakar gida bakwai a buɗe a ƙasana: turmi da taɓarya an yasar, wanki a jiƙe, tukunya na tafasa ba mai kula ta, ga banɗakuna babu rufi. Na runtse ido na sauko. Kunya ta hana ni kallon kowa.

Inna ta ce, “Yau mun gudu ɗaki don kai baƙo ne. Duk mako za mu riƙa gudu a gidanmu?”

Nan na juya takardar na fara sabon zane, aka rufu a kaina. Wani tela ya ce kada ta wuce katanga. Wata malamar asibiti ta ce a baza rassan su ba da inuwa. Inna ta ce a riƙa gogewa daga ƙasa da doguwar sanda. Kafin la'asar giginyata ta koma gajeriyar ceɗiya, kuma ita suka amince da ita.

Washegari muka dawo Kano. Na wuce gidanmu gaida mahaifiyata, na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai. Banɗakinmu ma babu rufi. A gidan nan na tashi, amma wata huɗu ina zane ban tuna ba, saboda ban taɓa zama wanda ake yi wa shelar ya gudu ɗaki ba.